Darasi: Yadda Ake Saita Babur Domin Hanyar Yashi, da Abin da Za Mu Koya Daga Masu Hawan Dusar Ƙanƙara

Na san an saba ganina da bayanin manhaja da wayoyi, amma yau inji za mu taɓa, injin da kusan kowane gida a yankinmu yake cin abinci da shi, wato babur.

Ga abin da ya jawo darasin. Yayana yana ɗaukar fasinja da kaya daga ƙauyukan Dutsi zuwa bakin titi a Shargalle da babur ɗinsa ƙirar Boxer. A bazarar bara ya kai shi wurin wani bakanike, ya ce yana so ya rage shan mai kuma ya ƙara ja a cikin yashi. A zama ɗaya aka yi masa abu uku: aka murɗe kafireta, aka cire soson da ke tace iska wai don injin ya numfasa, aka kuma sa masa babbar taya a baya. Bai cika wata biyu ba injin ya fara hayaƙi, ƙarfi ya tafi. Da aka buɗe sai aka tarar fistin da ring sun cinye. Kuɗin gyaran ya lashe abin da ya tara tun kaka. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba wanda ya iya nuna wanne daga cikin ukun nan ya fara yin ɓarnar.

Ina cikin neman bayani a YouTube sai na faɗa kan wasu mutane a Kanada da Amurka masu haɗa wa kansu babur na hawa duwatsu cikin dusar ƙanƙara. Da farko na ɗauka kallon nishaɗi ne kawai. Da na zauna na saurare su sai na ga matsalarsu irin tamu ce: ƙasa mai laushi da ke haɗiye inji, iska da ke sauya nauyi, da zafi da ke kashe inji. Bambancinmu da su shi ne su suna aunawa kafin su taɓa komai. Wannan aunawar ita ce darasinmu na yau.

Mene ne babur ɗin dusar ƙanƙara?

Ba shi da taya. A gaba yana da dogayen takalma biyu masu zamiya waɗanda ake juyawa da kan babur. A baya kuma akwai faffaɗan bel na roba mai haƙora, kamar ƙafar katafila, shi ne yake tura shi.

Mutumin da aka fi dangantawa da shi shi ne Joseph-Armand Bombardier, bakanike ne daga wani ƙaramin gari mai suna Valcourt a lardin Kebek na Kanada. Ya buɗe garejinsa a 1926 yana ɗan shekara 19. A lokacin sanyin 1934 ɗansa ɗan shekara biyu ya kamu da ciwon ciki mai tsanani, dusar ƙanƙara ta toshe hanya, aka kasa kai shi asibiti har ya rasu. A 1937 ya samu takardar mallakar fasahar faifai mai haƙora da ke juya bel, ya fara sayar da mota mai ɗaukar mutum bakwai mai suna B7. A 1959 kamfaninsa ya fitar da ƙarami na mutum ɗaya ko biyu mai suna Ski-Doo. Har yau mutane da yawa a Kanada da wannan sunan suke kiran kowane irinsa, kamar yadda muke kiran kowane garin wanki Omo.

Duk wanda ya taɓa ɗauko mai naƙuda a babur daga ƙauye cikin dare, yashi yana riƙe taya, ya san abin da mutumin nan ya ji. Saita babur a wurinmu ya wuce maganar ado.

Kayan aikin da za ka tanada

1. Gejin auna iskar taya, ko na allura ko mai nuna lamba. Matsa taya da yatsa ba awo ba ne.
2. Waya mai GPS, da manhajar nuna gudu da agogon ƙirga daƙiƙa.
3. Sifanar fulogi da sukudireba.
4. Tef ɗin awo, da fenti ko alli.
5. Littafi da biro, ko Google Sheets a wayarka.
6. Idan da hali, na'urar auna zafi wadda ake haskawa daga nesa. Ka tabbata mai auna zafin inji ce, domin irin ta auna goshi da aka yi yayi lokacin korona ba ta kai zafin da ake buƙata.

Ƙa'ida ta farko: abu ɗaya a lokaci ɗaya

A aikina na rubuta manhaja, idan na canza wuri goma a zama ɗaya sannan abu ya lalace, kwana zan yi ina lalube. Shi ya sa muke canza abu ɗaya, mu gwada, mu adana, sannan mu wuce gaba. Haka masu babur ɗin ƙanƙara suke yi, haka kai ma za ka yi.

Nemi wani wuri mai yashi a hanyar da kake bi kullum, ka auna tsawon mita 200, ka sa alama a farko da ƙarshe. Ɗora kayan da ka saba ɗauka, misali buhun gero ɗaya. Ka bi wurin sau uku daga tsaye, ka rubuta daƙiƙa nawa ka yi, a wace giya, da sau nawa ka sa ƙafa a ƙasa. Wannan shi ne ma'auninka. Duk canjin da ka yi daga baya, a wannan wuri, da wannan kaya, a kusan wannan lokaci na rana za ka gwada shi. Yashi da safe bayan raɓa ko bayan ruwan sama ya fi tauri a kan na azahar, don haka kada ka gwada ɗaya da safe ɗaya da rana ka ce ka ga bambanci.

Mataki na ɗaya: iskar taya

Abin da ke sa abu nutsewa shi ne nauyinsa idan aka raba shi da faɗin wurin da ya taka. Dubi raƙumi da jaki a cikin yashi: raƙumi ya fi nauyi nesa ba kusa ba, amma tafin ƙafarsa mai faɗi ne, shi ya sa yake tafiya a sama.

Babur ɗin ƙanƙara na hawa dutse yana da bel mai faɗin inci 15 ko 16, tsawonsa idan aka zagaye shi yakan kai inci 154 zuwa 165, wasu har 175. Nauyin injin ya kai kilo 200, amma da direba da mai duka, abin da yake dannawa a ƙasa bai kai PSI ɗaya ba. Mutum a tsaye ya fi shi danna ƙasa. Shi ya sa idan direban ya sauka a wuri mai zurfi sai ya nutse har ƙugu, injin kuwa yana zaune a sama.

A babur mai taya, matsin da yake yi wa ƙasa yana kusa da matsin iskar da ke cikin tayar. Mu yi lissafi. Boxer yana da nauyin kimanin kilo 110, a ce direba kilo 65, buhun gero kilo 100. Jimla kilo 275.

- A PSI 30, wato kimanin kilo 2.1 a kan kowace murabba'in santimita: 275 a raba da 2.1, ya ba da kusan murabba'in santimita 130 na taya da ke taɓa ƙasa.
- A PSI 22, wato kimanin kilo 1.55: 275 a raba da 1.55, ya ba da kusan 177.

Ka ga ba tare da kashe ko sisi ba ka ƙara fiye da kashi ɗaya bisa uku na wurin taku. Lissafin kusantawa ne, domin taurin robar ma yana ɗaukar wani nauyin, amma ya nuna inda gaskiyar take. Yawancin masu faci suna dura iska har sai taya ta yi tauri kamar dutse, wannan kuwa shi ne mafi muni a yashi.

Sai dai akwai iyaka. Tayoyinmu masu tiyub ne. Idan iska ta yi kaɗan, abu biyu suna faruwa: rim ya tsinke tiyub idan ka daki dutse ko saiwa, ko kuma taya ta zame a kan rim ta ja tiyub har bakin iskar ya yage. Ga yadda za ka kiyaye:

- Ka rage PSI 2 a kowane gwaji, kada ka sauke da yawa lokaci ɗaya.
- Idan kai kaɗai ne, kada ka sauka ƙasa da 18 zuwa 20. Idan da kaya mai nauyi, ka tsaya a 22 zuwa 24 a baya.
- Ka ja layin fenti daga gefen taya zuwa rim. Idan layin ya goce bayan tafiya, taya tana zamewa, ƙara iska.
- Kada ka ɗaure noti na bakin tiyub da ƙarfi a jikin rim. Bar shi sako-sako, domin idan bakin ya fara karkata za ka gani kafin ya yage.
- Da ka hau kwalta za ka yi doguwar tafiya, kamar zuwa Daura ko Mashi, ka mayar da iska yadda kamfani ya rubuta. Taya mai ƙarancin iska a gudu tana zafi, tana cin mai, tana kuma iya fashewa.

Game da faɗin taya: yawancin irin waɗannan babura suna zuwa da 2.75-17 a gaba da 3.00-17 a baya. Idan za ka ƙara faɗi, ka ƙara mataki ɗaya kawai, ka tabbata ba ta gogar sarƙa ko ƙarfen da ke riƙe wili. Ka kuma sani babbar taya ta fi tsayi, daga 3.00 zuwa 3.25 zagayenta yana ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin 100, wannan kuwa yana rage ja. Abin da aka yi wa Yaya ke nan ba tare da an gyara lissafin sarƙa ba.

Mataki na biyu: faifan sarƙa

Babur ɗin ƙanƙara ba shi da giya irin tamu. Yana da kasko biyu da bel a tsakaninsu, suna buɗewa suna tsukewa da kansu gwargwadon gudun inji. Masu saitawa suna canza ƙananan ƙarafa masu nauyi da sifirin a ciki domin injin ya zauna a daidai juyin da ya fi ba da ƙarfi, wanda a manyan injinansu yake kusa da juyi 8,000 a minti ɗaya. Idan juyin ya sauko a tsakiyar hawa, inji ya shaƙe, bel ya tona rami, an maƙale.

Mu a wurinmu abin da ke yin wannan aiki shi ne giya, da faifai biyu masu haƙora da sarƙa ke hawa, waɗanda bakanizai ke kira sifiroket. Ƙirga haƙoran na baya, ka raba da na gaba. A ce naka 42 ne a baya, 14 a gaba:

- 42 a raba da 14 = 3.00
- 45 a raba da 14 = 3.21, ja ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100
- 42 a raba da 13 = 3.23, ja ya ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100

Wato rage haƙori ɗaya a gaba daidai yake da ƙara uku a baya. Abin da ka samu a ja, shi za ka rasa a gudu: idan da kana kai kilomita 85 a awa, yanzu za ka tsaya kusa da 79. Ƙarfin injin yana nan yadda yake, rabonsa aka sauya.

Wa ya kamata ya yi wannan? Wanda mafi yawan tafiyarsa yashi ce da kaya, kuma yana lura cewa giya ta ɗaya ta yi masa ihu, ta biyu kuma tana mutuwa, har sai ya riƙa wasa da kuloci. Wannan wasa da kulocin shi ne yake ƙona faranti. Wanda kuwa kullum yana kan kwalta tsakanin Katsina da Daura, ya bar nasa yadda yake, domin canjin zai sa injinsa ya riƙa juyi da yawa ya ƙara shan mai.

Ƙara haƙora a baya ya fi rage na gaba alheri, saboda ƙaramin faifai yana lanƙwasa sarƙa da yawa, tana saurin cinyewa. Idan ka ƙara uku a baya, sau da yawa za ka buƙaci ƙarin gaɓa biyu a sarƙa. Duba lambar da ke jikin sarƙarka, 420 ko 428, ka sayi faifan da ya dace da ita. Ka bar mata sassaucin santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Kada kuma ka cire murfin sarƙa. Yashi idan ya haɗu da baƙin mai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, murfin nan shi ne yake kare ka.

Mataki na uku: iska da fetur

Nan ne aka fi yin ɓarna, musamman tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowa yake neman a rage masa shan mai.

Inji yana ƙona fetur da iska ne a haɗe. Daidaitaccen haɗi shi ne kusan kilo 14.7 na iska ga kilo ɗaya na fetur. Matsalar ita ce iska ba nauyi ɗaya gare ta ba a ko'ina. Tana sauƙi idan aka yi sama, tana kuma sauƙi idan ta yi zafi.

Masu hawa dutse sun san wannan sosai. Ƙa'idar da suke amfani da ita ita ce inji yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau. Wanda ya hau mita 3,000 ya rasa kusan kashi 30. A zamanin kafireta sai sun canza jet idan za su hau sama. Yanzu kwamfutar inji ce take auna iska ta daidaita mai da kanta. A 2020 Ski-Doo ya fitar da inji mai lamba 850 da turbo, wato fanka mai dura iska da ƙarfi, wanda yake riƙe ƙarfin doki 165 har tsayin ƙafa 8,000.

Mu a yankin Daura da Katsina tsayinmu daga teku kusan mita 500 ne, ba ya canzawa. Abin da ke canzawa shi ne zafi. Da asuba a lokacin hunturu zafi yakan sauko kusa da digiri 14, da azahar a watan Afrilu yakan haura 40. Lissafin yana da sauƙi: ƙara 273 a kan kowanne, ka raba. 14 ya zama 287, 42 ya zama 315. 287 a raba da 315 ya ba da 0.91. Wato iskar azahar a bazara ta fi ta asubar hunturu sauƙi da kashi 9 cikin 100. Shi ya sa babur yake jin ƙarfi da sassafe, da rana kuma ya yi sanyin jiki. Ba lalacewa ya yi ba, kuma wannan bambancin shi kaɗai bai isa ya sa ka canza jet ba.

Kafireta tana da hanyoyin mai guda uku:

- Ƙaramin jet da sukurun gefe: suna aiki daga silo zuwa kashi ɗaya bisa huɗu na totur.
- Allura: daga kashi ɗaya bisa huɗu zuwa uku bisa huɗu. Nan ne mafi yawan tafiyarka take.
- Babban jet: daga uku bisa huɗu zuwa ƙarshen totur.

Lura da wannan: sukurun da ake murɗawa a ce an rage shan mai, ikonsa yana ƙasan totur ne kawai. Idan sukurun yana ɓangaren da iska ke shigowa, na iska ne, warware shi yana rage mai. Idan yana ɓangaren inji, na mai ne, warware shi yana ƙara mai. Kafin ka taɓa shi, ɗaure shi a hankali har ya tsaya kana ƙirga juyi nawa ya yi, ka rubuta, ka mayar. Kada ka matse shi da ƙarfi, bakinsa siriri ne. Bayan inji ya ɗauki zafi, ka juya shi kwata-kwata, wato rubu'in juyi a lokaci ɗaya, har ka samu inda silo ya fi tashi ya kuma daidaita, sannan ka sauke silo da nasa sukurun.

Yadda za ka san halin da injin yake ciki shi ne duba fulogi bayan tafiyar kilomita goma ko fiye:

- Ruwan ƙasa mai haske, kamar gasasshiyar gyaɗa: daidai.
- Baƙi mai kunkunniya a bushe: mai ya yi yawa, ko soson iska ya toshe.
- Fari fat kamar alli: mai ya yi kaɗan. Wannan shi ne haɗari.
- Baƙi mai maiƙo: baƙin mai yana haurowa, ring ko bawul sun gaji.

Ƙarancin mai yana ƙara zafin ƙuna. Alamominsa su ne inji ya riƙa tari idan ka buɗe totur da sauri, salansa ta riƙa harbi idan ka saki, silo ya daɗe bai sauko ba, kuma sai da cok yake tashi ko da rana. Ɗan fetur ɗin da ka tsira da shi a wata bai kai kuɗin fistin da ring da aikin bakanike ba.

Sai maganar soson iska. Cire shi yana yin ɓarna biyu a lokaci guda: iska ta ƙaru, haɗin ya ƙara rasa mai, sannan ƙura ta shiga kai tsaye ta riƙa goge bangon silinda. A ƙasarmu mai ƙurar hunturu wannan kisan inji ne. Idan na soso ne, wanke shi da kananzir, ka matse ba tare da murɗawa ba, ya bushe, ka shafa masa baƙin mai mai tsafta kaɗan, ka matse rarar. Idan na takarda ne ba a wanke shi, kakkaɓewa ake yi, in ya gaji a canza. Mai bin yashi kullum ya duba nasa duk mako. Sau da yawa babur mai shan mai ba kafiretarsa ce ta lalace ba, sosonsa ne ya toshe.

Mataki na huɗu: zafi

Zai ba ka mamaki ka ji cewa babur ɗin ƙanƙara yana zafi har ya tsaya. Ruwan sanyaya injinsa yana bi ta wasu faranti ne a saman bel, bel ɗin yana watsa musu dusar. Idan aka hau hanya mai tauri wadda ba ta tashi, ba abin da ke watsuwa, sai zafi ya hau. Shi ya sa suke ɗaura wasu ƙarafa masu karce ƙasa domin su tayar da ita.

Namu kuwa iskar tafiya ce take sanyaya shi. A cikin yashi inji yana aiki mafi wahala a daidai lokacin da gudu ya fi ƙasa, wato zafi da yawa, iska kaɗan. Don haka:

- Kankare laka da maiƙo daga haƙarƙarin inji. Kada ka rataya leda ko faifan ado a gabansa.
- Bayan doguwar tafiya a yashi, kada ka watsa masa ruwan sanyi.
- Yi amfani da baƙin mai na babur, irin 20W-50 mai alamar JASO MA a jikin gwangwani, in dai littafin babur ɗinka bai ce wani ba. Kulocinmu a cikin mai yake wanka, wasu mayukan mota suna sa shi zamewa.
- Mai bin yashi da kaya ya riƙa juye mai da wuri fiye da mai bin kwalta.
- Idan kana da na'urar auna zafi, ka haska wuri ɗaya kullum, kusa da gindin fulogi, da zarar ka gama mita 200 ɗinka. Kwatanta kafin canji da bayan canji. Idan lambar ta haura sosai bayan ka taɓa kafireta, mayar da ita inda take.

Mataki na biyar: nauyi da zaman kaya

Masu haɗa babur ɗin dutse suna kashe kuɗi mai yawa domin su rage kilo biyu ko uku, suna canza ƙarfe da alminiyam da wasu kaya marasa nauyi. Mu kuwa ƙarawa muke yi: ƙarafan ado, sifika, fitilu barkatai. Cire abin da ba ya aiki. Ka bar ƙarfen kare ƙafa da madubi.

A yashi ana so tayar gaba ta yi sauƙi kaɗan domin kada ta nutse, amma idan kaya suka wuce bayan tsakiyar wilin baya, kan babur zai riƙa rawa. Ɗaure kaya ƙasa-ƙasa, kusa da bayanka. Shokozoba na baya yawanci yana da matakai da ake juyawa. Idan da kaya ka ƙara taurinsa, ka tabbata hagu da dama suna mataki ɗaya.

Wajen tuƙi kuma: shiga yashi da ɗan gudu a giya ta biyu, ka riƙe totur ba yankewa, ka ja jikinka baya, ka kalli nesa, ka sassauta riƙon kai. Birkin gaba a cikin yashi shi ne yake kayar da mutane. Hular kwano kuma ba ta kwalta kaɗai ba ce.

Jerin da za ka bi

1. Gyara abin da ya lalace tukuna: soson iska, fulogi, baƙin mai, sarƙa, birki.
2. Ɗauki ma'aunin farko a mita 200 ɗinka.
3. Iskar taya, PSI 2 a kowane gwaji.
4. Zaman kaya da shokozoba.
5. Faifan sarƙa, idan har yanzu akwai buƙata.
6. Kafireta a ƙarshe, tare da duba fulogi.

Na jera su ne daga na kyauta zuwa mai cin kuɗi, daga mai sauƙin mayarwa zuwa mai iya kashe inji. Domin auna shan mai, cika tanki zuwa wata alama, ka yi kilomita 50 bisa GPS, ka sake cikawa zuwa alamar, ka raba kilomita da litar da ta shiga. Rubuta kwanan wata, lokaci, kaya, da abu ɗayan da ka canza.

Bayan an gyara injin Yaya, wannan jerin muka bi. Muka mayar da soson iska, muka mayar da sukurun kafireta inda yake, muka dawo da tayar asali. Iskar taya da ƙarin haƙora uku a baya su ne kawai abin da muka canza, kuma mako guda muka bari tsakaninsu. Rafin da yake saukowa ya tura, yanzu a giya ta biyu yake wuce shi da buhu. Da farko dariya yake yi mini idan ya ga na fito da littafi, yana cewa, "Kai ƙane, babur ne fa, ba kwamfuta ba." Yanzu gejin iskar a aljihunsa yake kwana.

A darasi na gaba, in sha Allahu, zan nuna yadda ake haɗa jadawali a Google Sheets wanda zai riƙa lissafa maka shan mai da kuɗin kowace kilomita da kansa. Kafin nan, je ka ƙirga haƙoran faifanka, ka auna iskar tayarka, ka rubuta. Allah ya tsare mu a hanya, ya sa albarka a nema.